Sa'a ce ta ba George Foreman kambun duniya yana da shekara 45?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan George Foreman: yaya aka yi mutumin da Muhammad Ali ya kai ƙasa a Kinshasa a 1974 ya dawo bayan shekara 20 ya sake karɓar kambun duniya na ajin masu nauyi, yana da shekara 45? Ka kuma ce a ganinka katari ya yi, naushi ɗaya ne ya faɗa inda ya dace, tunda har zuwa lokacin abokin karawarsa Michael Moorer ne ke gaba a maki.

Maganar maki gaskiyarka ce. Bayan turmi na 9, alƙalai biyu sun rubuta 88 da 83, na uku ya rubuta 86 da 85, duka Moorer ne a gaba. Amma ban yarda da maganar katari ba. Wannan naushin na turmi na 10 an daɗe ana shirya masa hanya, a cikin daren kansa da kuma shekaru bakwai kafinsa. Kuma ba za ka gane yadda aka shirya shi ba sai ka fara sanin irin ɗan damben da Foreman yake a ƙuruciyarsa, da abin da ya kayar da shi.

An haife shi ranar 10 ga Janairu 1949 a garin Marshall na jihar Texas, ya tashi a unguwar Fifth Ward ta birnin Houston, unguwar talakawa baƙar fata. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya shiga ƙwace a titi, shi da kansa bai taɓa ɓoye wannan ba. Abin da ya fitar da shi shi ne shirin Job Corps na gwamnatin Amurka, mai koya wa matasa marasa galihu sana'a. A sansanin shirin da ke Kalifoniya ya gamu da Doc Broadus, wanda ya ga ƙaton yaro mai yawan faɗa ya ce masa ya zo ya sa safar dambe. Karawarsa ta farko a 1967 ce. A watan Oktoba 1968 ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Meksiko, bayan ya yi wa Jonas Čepulis na Tarayyar Sobiyet dukan da ya sa alƙalin wasa ya tsayar da faɗan a turmi na 2. Ka lura da wannan tazarar, ko shekara biyu ba ta cika ba. Yawancin waɗanda ke cin zinare sun shafe shekaru suna koyo tun suna yara. Foreman ƙarfi ne ya ɗauke shi ya tsallakar da shi darussan da sauran suka zauna suka koya, kuma bashin waɗannan darussan ya biyo shi.

A wannan gasar ce ya zaga dandali da ƙaramar tutar Amurka a hannu, kwanaki kaɗan bayan Tommie Smith da John Carlos sun ɗaga dunƙulallen hannu don nuna adawa da wariyar launin fata. Da yawa daga cikin baƙaƙen fata ba su ji daɗin abin da ya yi ba. Ya shiga damben kuɗi a 1969 da wannan tabon, ya kuma yi atisaye tare da Sonny Liston, tsohon zakara mai ɗaurarriyar fuska, ya kwaikwayi halinsa: ba fara'a, ba doguwar magana, sai harara. Jama'a suna tsoronsa, amma ba sa ƙaunarsa.

Ranar 22 ga Janairu 1973 a Kingston ta Jamaika ya kara da Joe Frazier, zakaran da ba a taɓa cin galabarsa ba, wanda ya doke Ali a 1971. Sau shida Foreman ya kai shi ƙasa cikin turmi biyu. Salon Frazier ne ya ba da shi: gajere ne, yana sunkuyowa yana kutsowa gaba don ya sami damar sakin naushinsa na hagu. Foreman sai ya sa hannu biyu ya tura shi baya ta kafaɗa, ya tsayar da shi daidai tsawon hannunsa, sannan ya ɗauko naushi daga ƙasa ya tarye shi da shi. Bayan haka ya gama da José Roman a Tokyo a turmi na 1, ya gama da Ken Norton a Karakas a watan Maris 1974 a turmi na 2. Norton ɗin nan shi ne ya karya wa Ali muƙamuƙi shekara guda kafin nan. To mutum biyun da suka taɓa doke Ali, Foreman ya tattara su cikin turmi huɗu. Shi ya sa da aka shirya karawar Kinshasa, akwai masoyan Ali da ke tsoron kada a yi masa illa.

Amma duba ɗaya fuskar. Karawa takwas na ƙarshe da ya yi kafin Kinshasa, babu wadda ta wuce turmi na 2. Bai taɓa wuce turmi na 10 ba a rayuwarsa. Ɗan dambe ba ya koyon tattalin numfashi a ɗakin atisaye kaɗai, sai ya shiga turmi na 8 ko na 9 hannuwansa sun yi nauyi, wanda ke gabansa kuma bai faɗi ba. Foreman bai saba da wannan wurin ba. Ga kuma wani abu da masu kallo ba sa gani: yana shiga dandali jikinsa a ɗaure, kowane naushi da dukkan ƙarfinsa yake sakinsa, kamar dole a gama yanzu. Daga baya ya sha faɗin cewa tsoro ne ke tura shi, har ya ce gwiwoyinsa rawa suke yi kafin karawarsa da Frazier. Jikin da ke ɗaure yana cin iska ninkin wanda ke sake, ko da aikin da suke yi ɗaya ne.

Karawar Kinshasa an shirya ta ne a watan Satumba 1974, da goyon bayan gwamnatin Mobutu Sese Seko, Don King ne ya haɗa, kowannensu dala miliyan 5. Sai Foreman ya samu tsaga a saman ido wajen atisaye, aka ɗaga zuwa 30 ga Oktoba. Makonnin nan Ali ya yi su ne cikin jama'a, suna binsa suna rera masa kirari da harshen Lingala. Foreman kuwa ya killace kansa, ga shi ya zo da ƙaton kare irin wanda mutanen ƙasar ke tunawa da shi a hannun 'yan sandan mulkin mallakar Beljiyam. An fara da misalin ƙarfe 4 na asuba don a dace da masu kallo a Amurka. Foreman yana da shekara 25, ya ci karawa 40 ba faɗuwa, 37 daga ciki da bugun kwaf ɗaya, wato ya gama da abokin karawa kafin turmi su ƙare. Ali yana da 32.

Mutane sukan taƙaita labarin su ce Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman ya gaji. Haka ne, amma akwai ƙari. A turmi na 1 Ali ya riƙa jefa hannun dama kai tsaye ba tare da ya share hanya da hagu ba, abin da ake ɗauka raini ne ga zakara, kuma ya harzuƙa Foreman. Foreman ya iya tare hanya, yana rage wa mutum fili har ya matse shi a kusurwa, don haka Ali ya ga rawar ƙafa za ta gajiyar da shi kafin ta gajiyar da yaron. Sai ya koma igiya, ya kwantar da bayansa a kanta har kansa ya yi nisa da naushin, ya rufe haƙarƙari da gwiwar hannu. Duk lokacin da suka rungume, sai ya danna wuyan Foreman ƙasa, ya sa shi ɗaukar nauyin mutum biyu, yana kuma yi masa magana a kunne yana tambayarsa ko iyakar ƙarfinsa ke nan. Kuma a ƙarshen kusan kowane turmi yana sakar masa miƙaƙƙun naushi a fuska. Foreman bai sauya komai ba, bai ja baya ya huta ba, bai rage ƙarfin duka ba. A turmi na 8 ya faɗi, alƙalin wasa Zack Clayton ya ƙirga ya gama. Cikin karawa 81 da ya yi a rayuwarsa, wannan ce kaɗai ba ta kai shi ƙarshe a tsaye ba.

Abin ya taɓa shi ƙwarai. Ya daɗe yana kawo uzuri, cewa igiya ta yi sako-sako, an yi saurin ƙirga, an sa masa wani abu a ruwa. A 1975 a Toronto ya yi wani wasan nuna bajinta inda ya kara da mutum biyar a rana ɗaya, abin da bai ƙara masa daraja ba. A watan Janairu 1976 ya gamu da Ron Lyle a Las Vegas, suka yi ta musayar duka ba mai karewa, Lyle ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na 4, shi kuma ya tashi ya gama da Lyle a na 5. Wannan daren ya nuna yana da zuciya. Ya sake doke Frazier a wannan shekarar. Sai 17 ga Maris 1977 a San Juan ta Puerto Rico, inda Jimmy Young, mai zamewa da dabara, ya ja shi har turmi 12 cikin zafi, ya kai shi ƙasa a turmin ƙarshe, ya ci shi da maki. Ciwon Kinshasa ne ya dawo: da aka kai shi ruwa mai zurfi, numfashi ya ƙare.

A ɗakin sauya kaya bayan wannan karawar ya shiga wani hali da ya ce ya ga mutuwa da idonsa. Waɗanda ke tare da shi sun danganta abin da zafi da gajiya, shi kuwa ya ɗauke shi kira ne daga Ubangiji. Ya ajiye dambe yana da shekara 28, ya zama mai wa'azin Kirista a Houston, ya buɗe coci, daga baya ya buɗe cibiyar matasa. Shekara goma bai yi karawa ba. Kuɗin tafiyar da cibiyar nan ne, a faɗarsa, ya dawo da shi.

Ranar 9 ga Maris 1987 a Sacramento ya hau dandali yana da shekara 38, nauyinsa kusan kilo 121, alhali a Kinshasa kusan kilo 100 yake. Ya doke Steve Zouski a turmi na 4. 'Yan jarida suka yi ta dariya, shi ma yana taya su, yana ba'a da tumbinsa da yawan cinsa. A nan ne ya yi abin da nake ganin ya fi komai wayo a rayuwarsa ta dambe. Tsofaffin zakaru idan za su dawo, kai tsaye suke neman babbar karawa don kuɗi, a yi musu dukan tsiya. Haka ta faru da Joe Louis a hannun Ezzard Charles a 1950, haka ta faru da Ali a hannun Larry Holmes a 1980. Foreman sai ya koma tushe kamar sabon shiga, ƙananan garuruwa, ƙananan kuɗi, karawa a kai a kai. Ya yi 24 kafin ya nemi kambu, ya ci duka, 23 da bugun kwaf ɗaya. Gaskiya ne yawancin mutanen nan ba su kai ajinsa ba, kuma zaɓensu yake yi da kyau. Sanannun cikinsu su ne Dwight Muhammad Qawi, wanda asalinsa ɗan ƙaramin aji ne, da Bert Cooper, da Gerry Cooney wanda ya daɗe bai yi faɗa ba. Amma darussan nan da ya tsallake a ƙuruciya, a waɗannan karawar ya zauna ya biya su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sauya a zahiri? Ƙafarsa ta yi nauyi, hannunsa ya rage sauri, wannan ba gardama. Abin da ya samu a madadinsu shi ne natsuwa. Ya daina bin mutum da gudu, yana takawa ne a hankali yana rage fili. Ya ɗauki salon kariya na tsohon zakara Archie Moore, wanda ke cikin masu horar da shi: a gicciye hannuwa a gaban fuska da ƙirji, duka ya sauka a damtse da gwiwar hannu. Ya gajarta naushinsa, ya bar irin lilon nan mai faɗi da ke tafiya da numfashi. Zungurinsa na hagu, wanda da ma mai nauyi ne, ya zama babban makaminsa, yana sakinsa ba tare da yunƙuri ba. Har tsakanin turmi ba ya zama a kujera, a tsaye yake jira, ya jingina da kusurwa. Nauyin hannu kuwa shi ne abu na ƙarshe da ke barin ɗan dambe, sauri da ƙafa su ke fara tafiya. Saboda haka sai aka samu mutum mai duka irin na saurayin Foreman, amma wanda zai iya kai shi har turmi na 12.

Hujjar wannan ta fito ranar 19 ga Afrilu 1991 a Atlantic City, da ya kara da Evander Holyfield, zakara mai shekara 28, shi yana da 42. Ya sha kaye da maki, kuma kayen halal ne, Holyfield ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Amma ya cinye turmi 12 a tsaye, ya shanye jerin dukan da zai kwantar da yawancin mutane, ya kuma girgiza zakaran fiye da sau ɗaya. Wanda Jimmy Young ya ƙarar wa numfashi yana da shekara 28, ga shi yana da 42 yana tafiya gaba a turmin ƙarshe.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne yadda ya samu damar karawa da Moorer. A 1992 Alex Stewart ya kumbura masa fuska har ba a gane shi, da ƙyar ya tsira da maki. A watan Yuni 1993 Tommy Morrison ya ƙi tsayawa a gabansa, ya yi ta zagaye, ya ci shi da maki. Daga nan Foreman ya yi wata 17 bai yi faɗa ba. A ƙa'ida bai cancanci neman kambu ba. Farin jini ne ya ba shi, domin a lokacin ya zama ɗan lelen Amurkawa, yana tallace-tallace, yana sharhin dambe a tashar HBO, kuma kowa ya san sunansa zai sayar da tikiti. Hukumar dambe ta WBA ma da farko ta ƙi amincewa, sai da aka je kotu. Ɓangaren Moorer kuma sun ga kuɗi mai yawa a hannun dattijo mai sauƙin dokewa. In akwai rabo a labarin nan, to a nan yake.

Amma abin da ya faru a daren 5 ga Nuwamba 1994 a MGM Grand na Las Vegas aiki ne. Moorer yana da shekara 26, ya ci karawa 35 ba faɗuwa, ya ƙwace kambun WBA da na hukumar dambe ta IBF daga hannun Holyfield a watan Afrilun shekarar, kuma shi ne bahago na farko da ya riƙe kambun wannan ajin. Bahago yana sa ƙafar dama da hannun dama a gaba. Dokar farko da ake koya masa idan zai kara da na-dama ita ce ya riƙa zagayawa ta damansa, yana nesanta kansa da hannun daman abokin karawa, domin miƙaƙƙen naushin dama shi ne maganin bahago. Turmi tara Moorer yana zungurin Foreman da dama, har idon Foreman na hagu ya kumbura. Foreman kuwa yana ta jefa naushin hagu mai lanƙwasa, wani a jiki, wani a iska. Mai kallo zai ce dattijo na ɓarar da duka. Amma kowane ɗaya yana rufe wa Moorer hanyar da ya kamata ya bi, kamar yadda makiyayi ke kaɗa sanda ta gefe guda don dabba ta nufi ƙofar da yake so. Ga shi kuma bai saki hannun daman da dukkan ƙarfinsa ba a farko, har Moorer ya saba da shi, ya ga abu ne da zai iya shanyewa. Mai horar da Moorer, Teddy Atlas, ya ga tarkon, ya yi ta gargaɗinsa a kusurwa kada ya tsaya a gaban mutumin nan. Yaro yana cin kowane turmi cikin sauƙi, sai ya rage zagaye, ya matso.

A turmi na 10 Foreman ya fara samunsa tun daga farko. Sai hagu da dama suka sauka, daman ya ɗan yi sama, Moorer bai gusa ba. Foreman ya maimaita, ya sauke hannun kaɗan, gajeren naushi ya sami haɓa. Moorer ya kwanta rigingine, Joe Cortez ya ƙirga goma. Mai sharhin HBO Jim Lampley ya sha ba da labarin cewa tun kafin karawar Foreman ya gaya masa cewa can wajen ƙarshe Moorer zai zo ya tsaya a gabansa. Wanda ya faɗi yadda abu zai kasance kafin ya kasance, ya kuma yi turmi tara yana shan duka don ya kai wurin, ba a ce masa ya yi katari. Saurayin Foreman na 1974 da tuni ya ƙarar da kansa a turmi na 5 yana neman kisa. Gajeren wandon da ya sa a daren nan shi ne jan da ya sa a Kinshasa, kuma a kusurwarsa akwai Angelo Dundee, mutumin da ke kusurwar Ali a wancan daren. Kafin shi, mafi tsufan da ya ci wannan kambun shi ne Jersey Joe Walcott, yana da shekara 37 a 1951. Har yau babu wanda ya karya tarihin Foreman a ajin masu nauyi, ko da yake Bernard Hopkins ya wuce shi a shekaru a wani aji na ƙasa.

Mulkinsa na biyu bai yi armashi ba. WBA ta karɓe kambunta saboda ya ƙi karawa da Tony Tucker. A watan Afrilu 1995 aka ba shi nasara a kan Bajamushe Axel Schulz, hukuncin da ni da masu kallo da yawa muke ganin Schulz aka zalunta, kuma da IBF ta ce a sake, sai ya rabu da kambun. Ya doke Crawford Grimsley da Lou Savarese, sannan ranar 22 ga Nuwamba 1997 aka ba Shannon Briggs nasara a kansa, wannan karon shi ne mafi yawan masu kallo suka ga an tauye. Yana da shekara 48, bai yi ƙorafi ba, bai sake faɗa ba. Ya tashi da nasara 76, 68 da bugun kwaf ɗaya, faɗuwa 5. A 1999 kamfanin Salton ya sayi haƙƙin amfani da sunansa a kan na'urar gasa nama da ake sayarwa da sunan nasa a kan kusan dala miliyan 138, kuɗin da ya fi na kowace karawa da ya taɓa yi. Shi da Ali sun zama aminai har rasuwar Ali a 2016. Foreman ya mutu a Houston ranar 21 ga Maris 2025, yana da shekara 76.